Rigar Ƙyalli a Gonar Gero

Edita, sallama gare ka da masu karatunka. Ni tsohuwa ce daga wani ɗan ƙauye kusa da Gurbin Bore, a bakin kwaltar da ta fito daga Zurmi. Ban taɓa shiga aji ba. Autata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya, ko ta zo kan ubanta, ko ta zo kaina. A lokacin da abin nan ya faru ni ce matar da mutanen gari ke cewa ko ƙuda bai gilma ba ta gani ba. Daga ƙofar gida nake gane akuyar da ta shiga gonar wani, nake gane matar da ta yi faɗa da mijinta daga yadda ta ɗaura kallabi, nake gane hadarin da zai zuba da wanda iska za ta kwashe. Yara ba sa wasan ƙasa a gindin katangata. Ba ni da yawan dariya, ba na roƙon mutum, kuma ina da wata ɗabi'a da kowa ya sani: idan na faɗi magana, na maimaita, aka ƙi ji, to na rufe bakina ke nan, ba a jin ta uku. Ina taƙama da wannan hali a lokacin, ina ganin shi ne mutuncina.

Mai gidana manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, ba shi da sarauta, ba ya zuwa fadar kowa. Amma ransa ba a gona yake ba, yana turke. Yana da akawal, wato baƙin doki ƙirin, ko ɗigon fari babu a goshinsa. Da asuba kafin ya ce mini ina kwana sai ya gaisa da dokin, ya zuba masa harawa, ya shafa masa wuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Idan zai hau kuwa shigarsa ɗaya ce, irin ta ubansa: baƙar riga mai shuni da baƙin rawani, ya naɗe har baki. A da ba ruwansa da kwalta, ta burtali yake bi zuwa kasuwar Zurmi, ta burtali yake dawowa. Da daji ya lalace, ɓarayi suka mai da shi gidansu, sai kowa ya dawo bakin titi, masu dawaki da masu jakuna da masu amalanke, aka cuɗe da motoci. Su kuma direbobi, tsoron tare hanya ya sa da zarar rana ta yi ja ba sa ɗaga ƙafa daga totur. Ana cikin haka ne ƙanensa, wanda gidansa ke manne da namu, ya kawo masa layar zana daga wani mai magani can bayan Shinkafi, wai duk wanda ya ɗaura ta ido ba zai gan shi ba. Ya ɗaura a damtse. Tun daga nan ya daina gaggawar barin kasuwa, sai ya zauna hira har almuru, yana cewa duhu ma sutura ne ga mai laya.

Duk ranar kasuwa ina tsaye a ƙofar gida ina duban hanya, ba don shauƙi ba, don in san lokacin kwashe tuwo. A nan na lura da abin da ya fara hana ni sukuni. Ni da na san tafiyar dokin nan kamar yunwar cikina, ni da idona bai taɓa cin amanata ba, ƙarar kofato nake fara ji, sai sun zo dab da kukar bakin gari sannan in rarrabe mutum da duhu. Wata rana a gabana wata motar hatsi ta shafe shi har iskarta ta ɗaga masa gefen riga, dokin ya zabura, direban ko birki bai taɓa ba, domin bai san ya wuce kowa ba. Da ya sauka na gaya masa abin da na gani. Ya yi murmushi ya ce ai ga shaida nan, layar tana aiki.

Autar tamu tana aure a Kaura Namoda, mijinta direba ne, yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi. Wata safiya ta zo mana da ƙunshi a leda. Ta ce mijinta ya dawo gida wata rana ya kasa cin abinci, saboda a wajen Ɗan Isa saura ƙiris ya haye kan wani mai doki da magariba. Ya ce mata bai ga mutum ba, bai ga doki ba, sai da ya zo kansu ya ga ƙafafu huɗu suna motsi a cikin hasken fitila. Ya ce a ranar fuskar surukinsa ya yi ta gani. Shi ne ya sayo wannan riga ya ce a kawo wa Baba. Ta buɗe ledar. Falmaran ce mara hannu, ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, da wasu layuka masu kamar azurfa a ƙirji da baya, irin wadda leburorin titi ke sawa. Ta ja mu ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, ta rataye ta a ƙusa, ta ba ni tocila ta ce in haska. Na haska. Wallahi sai na ga kamar rigar ta kama da wuta. Ta durƙusa a gaban ubanta ta ce don girman Allah Baba ya riƙa ɗora ta a kan rigarsa in zai bi kwalta, ba ta hana shi rawani ba, ba ta hana shi laya ba. Shi kuma bai iya ce wa autarsa a'a ba, ga kunyar suruki. Ya ce Allah ya yi albarka, ya karɓa. Ranar kasuwar da ta biyo baya ya saka ta. Ranar ce kaɗai a duk shekarun nan na hango mijina tun daga nesa, yana tafe kamar tauraro a kan titi, duk motar da ta zo sai ta rage gudu ta kauce masa.

Sai dai kafin ya iso gida dole ya bi ta gindin kuka, inda dattawan garinmu ke zaman banza bayan sallar magariba. Ina jin su daga ƙofa, abin da ban ji ba mata suka ƙarasa mini washegari a bakin rijiya. Ƙanen nasa ne ya fara. Ya miƙe tsaye ya sara masa kamar ɗan sanda, yana tambaya wai yaushe aka ɗauki Yaya aikin sharar titi ba a gaya wa dangi ba, ina tsintsiyar take, ko tana ƙarƙashin sirdi. Wani ya ce a'a, ɗan kabu-kabu ne mai ƙafa huɗu, ya tambaye shi ko zai kai shi Zurmi da buhunsa. Wani ya ce a nemo masa usur ya fara tsai da motoci yana duba takardu. Suka yi ta ƙyaƙyata dariya, tsofaffi da furfura, har wani yana riƙe ciki. Da dariyar ta lafa sai ƙanen ya sauke murya, wannan kuma ita ce ta yi ɓarnar. Ya ce shi da ya sha wahala ya je har bayan Shinkafi neman abin da zai ɓoye ɗan'uwansa, sai ga ɗan'uwan ya sa riga mai kiran mutanen daji daga bayan dutse. Ya ce za su hango shi su ɗauka ɗan sa-kai ne su harbe shi a kan dokin. Ya ƙare da cewa amma ba laifin Yaya ba ne, gidan da mace ke tsawa, dole namiji ya sa abin da aka miƙa masa. Mai gida ya shigo gida babu rigar ƙyallin a jikinsa. Ya zaro ta daga ƙarƙashin sirdi a dunƙule, ya wurga ta kan turmi, ya wuce turke bai dube ni ba.

Bayan ya ci tuwo na yi magana ta farko. Na ce masa mutanen daji sukan fito wata rana su ɓace wata rana, mota kuwa kullum tana kan titi, kuma ba ta tambayar sunan wanda za ta taka. Ya ce ba zai tsufa ya zama abin dariyar yara ba. Na ce ba yara suka yi masa dariya ba, tsofaffin banza ne waɗanda ko jaki ba su da shi. Da safe na yi ta biyu. Ya ce ajali ba ya duban launin riga. Na ce to idan haka ne me laya take yi a damtsensa, ko ajali yana jin tsoron fatar akuya. Har na ɗauka maganar ta shige shi, sai ya ce in fita daga harkar maza. Na yafa mayafi na je ƙofar ƙanen nasa na kira shi, na ce ya ji tsoron Allah ya je ya warware abin da ya ƙulla. Sai ya fake da wasan nan na ƙanen miji da matar wa, yana washe baki, wai matarmu ta zo bikon rigar sharar titi, in koma in duba tukunyata kada miya ta ƙone. Na dube shi tun daga hula har takalmi, na juya. A raina na ce na faɗa sau biyu, na sauke nauyi, duk abin da ya biyo baya su suka sani. Ban ƙara ɗaga maganar ba.

Rigar ta yi kwanaki a kan danga, kaji na tsalle a kanta. Lokacin gero ya fara ƙosawa, tsuntsaye sun sauko mana kamar an aiko su. Gonarmu tana bakin titi, a daidai wata kwana da ke fita daga gari, hannun dama ga mai tafiya Zurmi. Wata safiya na ɗauki rigar, na gicciya sanduna biyu, na zura musu ita, na kifa tsohuwar ƙwarya a sama a matsayin kai. Gonar tana da faɗi, ko'ina na kafa mutum-mutumin zai kori tsuntsu. Amma ni ba tsuntsu kaɗai nake nufi ba. Na kai shi can bakin kwalta, inda ko mai gida ya so ko ya ƙi sai ya gan shi duk lokacin da ya wuce, na kafa shi da ƙarfi na danne gindin da duwatsu. So nake ya riƙa ganin kyautar ɗiyarsa a jikin itace, ya ji kunya. Bai ji ba. Ya dawo ya ce madalla, rigar ta samu aikin da ya dace da ita. A gindin kuka kuwa aka samu sabon abin hira, wai na gaji da tsohon na yi sabon miji mai jin magana. Na ji, na haɗiye. Tsuntsaye dai sun gudu, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Ranar da abin zai faru ranar kasuwa ce. Tun la'asar hadari ya haɗo, aka fara yayyafi, duhu ya riga lokacinsa. Na idar da magariba na fito ƙofa kamar kullum. Sai ga wata a-kori-kura ta keto garin ta nufi Zurmi, cike da buhuna da mutane a sama, tana gudun da suke yi idan suna son fita daga yankinmu kafin isha. Na bi fitilunta da ido. Da ta kai kwanar nan na ga rigar ta haska a bakin gona, daga inda nake tsaye ma na gan ta, kamar mutum ya fito ya tsaya a bakin titi. Sai na ga fitilun sun fizge zuwa hagu, na ji injin ya ƙara kuka maimakon ya rage. Sai ƙara. Sai wata irin haniniya da ban taɓa jin doki ya yi ba, wadda har yau takan tashe ni daga barci. Ban san lokacin da na bar takalmi da mayafi ba.

Na tarar da akawal a tsakiyar titi, ƙafafun gaba sun karye, yana ta yunƙurin tashi yana faɗuwa. Sirdi ya juye ƙarƙashin cikinsa. Mahayin kuwa babu shi. Ina kiran Malam, Malam, ina dube-dube a gefen titi, ni mai idon da ake tsoro, na wuce shi har ya fi sau ɗaya ban gan shi ba, baƙi a cikin baƙi. Nishinsa ne ya kai ni. Yana kwance a kwatar ruwa, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, rawanin ya warware cikin laka. Na tallafo kansa, hannuna ya taɓa layar a damtsensa, tana nan daram ko ƙwarzane babu. Maganar da ya fara yi mini ita ce in duba masa dokin.

Kafin wani lokaci gari ya fito da sanduna da tocila, ƙanen mai gidana a gaba. Direban bai gudu ba, Allah ya saka masa. Magidanci ne, yana tsaye, ƙanen ya shaƙe masa wuyan riga yana kiransa makaho, mai kisan kai, yana cewa a ƙone motar. Direban yana rantsuwa yana kuka. Ya ce yana shan kwana ya ga mutum tsaye a bakin titi da rigar ma'aikata, a wurin da babu shinge, a irin wannan lokaci, sai ransa ya ba shi masu tare hanya ne suka yi shigar burtu. Ya ce yana ɗauke da mata da yara, shi ya sa ya kauce wa mutumin ya taka totur, kuma wallahi tallahi ɗaya gefen titin fili ya gani, babu kowa babu komai. Ya yi ta nuna gonarmu yana cewa a tambayi wancan bawan Allah, yana tsaye, ya ga komai, shi ne shaidarsa. Wani ya juya tocila. Hasken ya sauka a kan sanduna biyu da ƙwarya, rigar tana ta walƙiya cikin yayyafi. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna kallona.

Ban sunkuyar da kai ba. Na ce ni na kafa shi, kowa ya sani, su daina kallona kamar yau suka fara ganina. Sannan na ce wa ƙanen mijina ya saki wuyan bawan Allah, ya zo ya karɓi barka, layar da ya kawo ta yi aiki, mutum da doki sun bi titi ido bai gan su ba. Ya saki. A motar direban nan aka ɗauki mai gida zuwa Zurmi, daga can aka wuce da shi asibiti a Kaura. Dokin kuwa aka yanka shi a wurin don a hutar da shi, aka ja shi bayan gari. Ban gaya wa mai shi ba sai da ya fara iya zama.

Ƙugu ya karye, cinya ta karye, bayan ma ya taɓu. Likitoci sun yi nasu, mai ɗori ya yi nasa bayan mun dawo gida. Rai ya tsaya, amma mutumin da yake hawa doki ba tare da an riƙe masa likkafa ba, yau da sanduna biyu yake jan jiki daga ɗaki zuwa inuwa, ni ke kai shi bayan gida, ni ke dawo da shi. Masu dariyar gindin kuka suka yi ta zuwa dubiya, suna tsugunawa suna girgiza kai, wai ƙaddara ce, wai haka Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara fiye da su duka. Amma a cikinsu ban ji wanda ya buɗe baki ya ce mu ne muka tuɓe masa rigar da dariyarmu ba. Abin da ya zagaya gari shi ne tsohuwa ta kafa mutum-mutumi ya kashe doki ya nakasa miji, wasu har da cewa ba banza na kafa shi ba, akwai abin da na binne a gindinsa. Na san bakin da maganar ta fito, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na aika masa cewa iyakarsa zaure, idan zai gai da Yayansa a fito da shi, amma ƙafarsa ba za ta taka tsakar gidana ba. Mai gida ya ji, bai hana ni ba.

Ni da shi mun daɗe ba ma magana sai ta dole, ga ruwa, ga magani, juya in gyara shimfiɗa. Ina jira ya zarge ni a kan mutum-mutumin, na shirya amsata tsaf. Wata hantsi yana zaune yana kallon turken da babu komai, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, me ya sa ban sake faɗa ba. Na ce faɗar me. Ya ce maganar rigar. Ya ce shi ma ya ga yadda motoci suka kauce masa ranar da ya saka ta, ba makaho ba ne. Ya ce duk ranar kasuwa idan yana ɗaura sirdi yana jira in fito in tare ƙofa in matsa masa, don ya samu abin gaya wa mutanen gindin kuka, ya ce fitinar tsohuwa ce ta ishe shi. Amma sai ya gan ni tsaye na ɗaure fuska na yi gum. Raina ya ɓaci. Na ce masa ashe dattijo mai furfura sai an kama masa hannu kamar yaron goye kafin ya tsare ransa, ashe tsoron bakin ƙanensa ya fi masa ƙafafunsa. Na faɗa masa maganganu masu zafi, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Amma da na shiga madafa na zauna a gaban murhu, wuta ta mutu ban sani ba. Kalma ɗaya ce ta rage, ina da ita a baki, na riƙe ta don kada a ce na roƙi mutum.

Rigar na ciro ta tun washegarin haɗarin, na wanke, na ninke na sa a ƙasan adaka. Da damina ta zagayo, babban ɗan ƙanen mijina, magidanci mai iyali, ya sayi doki, ja ne amma shi ma mai duhu, ya fara bin kwalta zuwa kasuwa. Wata rana da rana tsaka sai ga uwarsa ta shigo tana kame-kame, ta gaishe ni har ƙasa, ta ce wai mai gidanta ne ya ce ta tambaya ko rigar nan tana nan, a ba yaron aro, amma kada a bari kowa ya ji. Na ce ta koma ta gaya masa ya zo da ƙafarsa, ya roƙa da bakin da ya yi dariya, a gaban mutanen da ya yi ta. Ta fita tana share hawaye. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Bai zo ba. Ranar kasuwa da safe na ji ana ɗaura sirdi a bayan katanga, na ji ƙarar linzami, na ga mai gida ya ɗago kai yana saurare, sannan ya dube ni. A nan na gane ina shirin sake kafa wani mutum-mutumin ne. Na buɗe adaka. Na tari mahayin a daidai gindin kuka, da yake ranar kasuwa ce dattawan duk suna zaune tun safe, uban nasa a tsakiya. Na kama linzami na ce ya sunkuyo. Ya ce Inna ai da rana zai dawo. Na ce ya sunkuyo. Ya waiga wajen ubansa yana jin nauyi. Na ce ya sunkuyo, karo na uku, da muryar da aka ji har masallaci. Ya sunkuyo na zura masa ita. Na juya na dubi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, na ce wanda yake da dariya ya yi ta yanzu ina tsaye. Babu wanda ya motsa. Uban yana ta zane ƙasa da tsinke.

Kada a ɗauka mun shirya da ƙanen mijina. Har yau iyakarsa zaure, kuma ban san ranar da zan iya yafe masa ba, Allah ya sani ina roƙonsa ya sassauta mini zuciya, bai sassauta ba tukuna. Amma abin da na koya ba na riƙe shi don fushi. Ku masu hawa doki da jaki da raƙumi, da masu amalanke, da masu kora shanu a bakin kwalta, ku sani direba ba ya ganinku. Kuna ganin fitilarsa kuna zaton shi ma yana ganinku, ƙarya ce, ni da idona na nemi mijina a gefen titi na rasa. Ku sa riga mai ƙyalli, ku ɗaura wa dabbar ƙyalle irinsa a ƙafa ko a wutsiya, ku bar kasuwa da sauran rana. Idan tsoron mutanen daji ne, na san shi, mun binne namu. To ka ninke ta a aljihu idan ka shiga daji, amma da kofato ya taka kwalta ka fito da ita. Kuma kada wanda ya rataye irin wannan riga a bakin titi inda babu mutum a cikinta, ba ta gona ba ce, ba ta shanya ba ce. Ku kuma masu zaman gindin itace, da ba ku da aiki sai auna girman namiji da launin rigarsa, ku sani ranar da aka kwantar da shi ba ku ne za ku ɗauke masa fo ba.

Ku 'yan'uwana mata, da ku nake ƙarewa. Idan kin ga abin da zai kashe mutumin gidanki, ki faɗa, ki sake faɗa, ki tare ƙofa ki faɗa, a kira ki mafaɗaciya, a kira ki mai mulkin miji. Ni an kira ni mai mutunci, mai magana biyu. Ga mutuncin nan ina kallonsa kullum da safe a inuwar danga, da sanduna biyu a gefensa, yana duban turke.